Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiya mai goge cefane da Hypo

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Tambayar da kika aiko mini a shirin lafiya na rediyo ta fi ƙarfin ɗan lokacin da aka ba ni, shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce, a fili, don na san ba ke kaɗai ba ce. Kin ce tun zamanin korona duk cefanen da ya shigo gidanki sai kin goge shi da ruwan Hypo, tun daga gwangwanin madara har tumatir, saboda surukarki, Inna, ta manyanta kuma tana da ciwon suga. Kika ce a gaya miki kwana nawa ƙwayar bairos take yi a jikin kaya, kuma ki ci gaba ne ko ki daina.

Ki daina, Hajiya. Kulawar da kike yi wa Inna abin a yaba ne, Allah ya saka miki da alheri, amma wahalar tana tafiya ne inda ba ta da amfani.

Tsoron nan yana da tushe. A watan Maris na 2020 masu bincike a Amurka sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa ƙwayar korona takan kai awa 72 da ranta a kan roba da ƙarfe mara tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 a kan jan ƙarfe. A Oktoban shekarar kuma hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ta ce ta same ta da rai bayan kwana 28 a kan gilashi da takardar kuɗi. Alƙaluman nan gaskiya ne, sai dai an yaɗa su ba tare da sauran bayanin ba. A ɗakin gwaji aka yi aikin, aka zuba ƙwayoyi masu yawa a wuri guda. Na Ostareliya ma a cikin duhu aka yi shi, a sanyin digiri 20, kuma da suka ɗaga zafin zuwa digiri 40 sai ƙwayar ta kasa kai kwana ɗaya a kan wasu abubuwan. Binciken Amurka shi ma ya nuna cewa duk bayan kimanin awa bakwai rabin ƙwayoyin da ke kan roba sun mutu. Ashe abin da aka tarar a rana ta uku ɗan ragowa ne kawai.

Ki duba abin da sai ya faru kafin gwangwani ya sa wa Inna cuta. Sai mai ɗauke da ita ya yi tari a kansa, ƙwayoyi masu yawa su tsira daga rana da zafin kasuwa, ki taɓa daidai wurin, sannan hannun ya kai ga hanci ko ido kafin a wanke shi. A watan Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa idan an taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kai bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Korona ta iska take bi. Mai zuwa gaishe da Inna yana tari, ya zauna kusa da ita a ɗaki rufe, ya fi dukan cefanen shekara haɗari. A buɗe taga, mai mura kuma ya yi haƙuri ya gaishe ta daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne tumatir ɗin. Hypo da Jik ba a yi su don abin da za a ci ba. Ragowarsu kan maƙale a jikin ganye da 'ya'yan itace, ta ƙona baki da maƙogwaro, ta ɓata ciki. Sabulu da omo ma ba a wanke kayan miya da su. A wani bincike da CDC ta yi a watan Mayun 2020 kan mutum 502, kashi 19 cikin ɗari sun ce sun sa sinadari irin na Hypo a abinci, kuma a watanni ukun farko na shekarar kiran da aka yi wa cibiyoyin ceton masu shan guba kan kayan tsafta ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari. Don Allah kada ki taɓa gauraya Hypo da wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana lalata huhu.

Amma fa bairos iri-iri ne. Korona tana da rigar maiƙo, sabulu yana narkar da ita kamar yadda yake cire man gyaɗa a kwano, shi ya sa wanke hannu na daƙiƙa 20 ya isa. Norobairos mai kawo amai da gudawa ba shi da wannan riga, yakan yi kwanaki har makonni a kan kaya, sanitaiza kuma ba ta cika yi masa komai ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in A takan yi watanni. Waɗannan ta bayan gida suke fita, su bi hannun da ba a wanke ba ko gurɓataccen ruwa su shiga abinci. A nan ne ya kamata ki sa ido, musamman kan abin da ake ci ɗanye: latas, kabeji, karas, gurji, yalo. Wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. Ki yar da ganyen da ke waje, ki ware sauran ɗaya bayan ɗaya, ki cuɗa a ƙarƙashin ruwa mai tsabta yana zuba, ba a cikin roba guda da ruwan ya riga ya yi datti ba. Abin da ake ferewa ki fere. Wanki yana rage ƙwayoyin ne, ba ya ƙarar da su, don haka ga mai shekaru irin Inna na fi son dafaffe. Miyar da ta tafasa sosai ba abin damuwa ba ce.

Sai ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, bairos ne da ke fita a fitsari da kashin ɓera, ya gurɓata hatsi da garin da aka bari a buɗe ko aka shanya a bakin titi. Ya fi ƙamari da rani. Wannan ya fi korona kusanci da madafinki nesa ba kusa ba. Ki zuba shinkafa da gari da wake a mazubi mai murfi, kada a kwana da kwanuka da ragowar tuwo a tsakar gida. Gwangwani ko kwalbar da ta daɗe a sito ta yi ƙura, ki wanke samanta da sabulu da ruwa kafin a buɗe.

Hypon kuma ki ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Ranar da wani ya yi amai ko gudawa a gida, sai ki sirka shi da ruwa yadda aka rubuta a jikinsa, ki sa safar hannu, ki buɗe taga, ki goge banɗaki da daɓe da marikin ƙofa. Idan kin dawo daga kasuwa, ki wanke hannu da sabulu, ki adana kayanki, ki sake wankewa kafin ki ɗora girki.

Ki gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
'Yar'uwarki, ma'aikaciyar lafiya