Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin jirgin ƙasa kan katin rangwamen dattawa na cikin waya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Fasinjoji,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in kawo kuka kan yadda masu duba tikiti a jiragenku suke ɗaukar dattawan da katin rangwamensu na Senior Railcard yake cikin wayar hannu. Na zaɓi in fitar da maganar fili saboda ba gidanmu kaɗai ta shafa ba. Yawancin iyayen da ke hawa jirgi a Ingila da irin wannan kati 'ya'yansu ne suka saka musu shi a waya, kuma abin da ya sami mahaifina yana iya samun kowannensu gobe.

Kun fi ni sanin ƙa'idar katin. Duk wanda ya cika shekara 60 yana da damar sayensa, a rage masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mafi yawan tikitoci. Tun watan Maris na 2025 kuɗinsa ya koma fam 35 a shekara, ko fam 80 na shekara uku. Wato ba sadaka ake ba dattijo ba, haƙƙi ne da ya sa kuɗinsa ya saya, kuma sunansa da hotonsa da ranar ƙarewar katin duk suna rubuce a wurin waɗanda suka sayar masa.

Mahaifina ya haura shekara saba'in, kuma kafin ya yi ritaya ya daɗe yana aiki yana biyan haraji a wannan ƙasa. Kwanakin baya ya hau jirginku zai je sunan jikarsa, tikitinsa a hannu, katinsa da sauran wa'adi. Wayarsa ta tsufa, batirinta ba ya riƙe caji idan sanyi ya yi yawa, sai ta mutu a hanya. Ya sunkuya ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin kujera, ashe babu wuta a ciki. Da mai duba tikiti ya iso, Baba ya zaro takardar shaidar sayen katin, wadda na buga masa yake yawo da ita a ninke cikin aljihun rigarsa, ya miƙa da hannu biyu. Ma'aikacin bai ko warware ta ba. Ya ce doka ta ce a nuna katin a fuskar waya, ya ɗaga murya har mutanen taragon suka juyo, sa'annan ya yanke masa takardar tara ta fam 100 ban da kuɗin tikiti, wadda za ta sauko zuwa fam 50 idan an biya cikin kwana 21, kamar yadda tsarin yake tun Janairun 2023.

Ba na musun cewa sharuɗɗan katin sun ɗora wa fasinja nauyin nuna shi, kuma ba na goyon bayan masu hawa jirgi ba su biya ba. Amma an kafa tara ne domin a hana ha'inci, mahaifina kuwa bai ha'inci kowa ba, domin ko sisin kwabo kamfaninku bai yi asara a kansa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akwai sassaucin da kamfanonin jirgin ƙasa suka saba yi, na mayar wa mutum ƙarin kuɗin da aka caje shi a karon farko cikin shekara idan daga baya ya kawo shaidar cewa yana da kati. Ma'aikacinku bai faɗa masa haka ba, ya bar dattijo ya sauka da zaton an rubuta sunansa cikin masu laifi. A wurin mutum irinsa mutunci ya fi kuɗi, kuma tun daga ranar ya ƙi yarda ya sake hawa jirgi shi kaɗai, alhali saboda ya riƙa zirga-zirgarsa ba tare da jiran kowa ba muka saya masa katin.

Ba ni kaɗai nake ganin an wuce gona da iri ba. A watan Yuni na 2025 hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen ƙasa da hanyoyi, wato ORR, ta fitar da sakamakon binciken da gwamnati ta sa ta yi, inda ta nuna cewa kamfanoni ba sa bin ma'auni ɗaya wajen hukunta fasinjoji, kuma waɗanda suka yi kuskure ba da gangan ba sukan gamu da hukuncin da ya fi ƙarfin kuskurensu.

Wataƙila za ku ce ai akwai katin roba ga wanda waya take ba shi wahala. Haka ne, amma a duba yadda aka ƙuntata hanyar samunsa. Katin shekara uku, wanda ya fi araha, sai ta intanet ake sayensa, kuma tagar sayar da tikiti, inda dattijo zai tsaya ya yi magana da ɗan Adam ya sayi na shekara ɗaya, ba kullum ake samunta a buɗe a ƙananan tashoshinku ba. Ba mu manta ba cewa a 2023 an yi yunƙurin rufe mafi yawan waɗannan tagogi a Ingila, sai da jama'a suka aika da martani kusan 750,000, hukumomin kare fasinja na Transport Focus da London TravelWatch suka ƙi amincewa, kafin gwamnati ta sa a janye shirin a ƙarshen Oktoba. Katin Freedom Pass na dattawan Landan da katin hawa bas kyauta na masu shekarun fansho duk abin riƙewa ne a hannu, ba su san caji ba, ba su san rashin sabis a cikin ramin jirgi ba, shi ya sa iyayenmu suka fi natsuwa da su.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Ku ba masu duba tikiti hanyar tantance kati da sunan mai shi da ranar haihuwarsa a na'urar da suke riƙe da ita, idan kuwa hakan bai samu ba, a ba dattijo 'yan kwanaki ya kawo shaida kafin a yi maganar tara. Ku wajabta musu bayyana wa fasinja haƙƙinsa na neman a mayar masa da kuɗi da na ɗaukaka ƙara, cikin murya ƙasa-ƙasa da ladabin da ya dace da furfura. Soket ɗin cikin tarago kuma a riƙa gyara shi, tunda kun yarda waya ta zama wurin ajiye tikiti da kati.

Mun riga mun ɗaukaka ƙara kan tarar cikin wa'adi, don haka ba ita nake roƙo a nan ba. Ina jiran amsa a rubuce kan halin da ma'aikacinku ya nuna, tare da takardar ban haƙuri da sunan mahaifina. Idan kwanakin aiki 40 suka wuce ba a warware maganar ba, zan kai ta gaban Rail Ombudsman, hukuma mai zaman kanta da ke sasanta ƙorafin fasinjoji da kamfanonin jirgin ƙasa, kamar yadda tsari ya ba ni dama.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Ɗiyar wani dattijo fasinjanku