Wasiƙa zuwa ga Dogo kan santimita ɗaya na Duplantis

Dogo mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da amarya da yara. Shirunka ya yi yawa, har a majalisa an fara tambaya ko sanyin can ne ya daskarar maka da yatsu. Sai ga saƙonka na layi biyu bayan gasar duniya ta wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a Tokyo, ko gaisuwa babu, wai Armand Duplantis, zakaran tsallen gora (wato dogara da doguwar gora a tsallake kara a sama), ɗan kasuwa ne, yana gutsura mana tarihin duniya santimita-santimita don ya cika aljihu. Kai da tsallenka na ƙarshe a duniya shi ne na kwatar gidan Hajiya, shi ma ka san yadda aka ƙare. To gyara zama.

Lissafinka dai daidai ne. Renaud Lavillenie na Faransa ya bar tarihin tsallen gora a mita 6.16 tun 2014. Yaron nan na Suwidin ya ɗauka a Toruń ta Poland a Fabrairun 2020 da 6.17, bayan mako guda ya yi 6.18 a Glasgow, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har 6.30 da ya tsallake ranar 15 ga Satumban 2025 a Tokyo. Sau 14 ke nan, santimita 14, ko sau ɗaya bai ƙara biyu ba. Inda muka rabu da kai shi ne da ka ce da ya so da tuni ya yi 6.40.

A wannan wasa ba a auna inda mutum ya kai a sama, karan da aka gicciya kawai ake aunawa. Mai dogon tsalle in ya dira, alƙali ya ja tef har alama mafi kusa da jikinsa ya bari a yashi, duk abin da ya yi nasa ne. Shi ya sa Bob Beamon ya iya ƙara santimita 55 a tsalle guda a Mexico a 1968, ya yi 8.90, aka shekara 23 kafin Mike Powell ya wuce shi. Mai gora kuwa sai ya faɗi tsayin da yake so kafin ya fara gudu. In an sa 6.30 ya wuce da tazarar taƙi guda, 6.30 za a rubuta. In ya yi zari ya ce a sa 6.40 ya ture sau uku, ya tashi a tutar babu, ko da jikinsa ya kai 6.38. Doka ma ba ta ba shi wannan zaɓi sai ya zama shi kaɗai ya rage, ya riga ya ci gasar. Kafin nan ba a ƙara ƙasa da santimita 5 a kowane zagaye, kuma faɗuwa uku a jere ta fitar da mutum.

Tazarar nan da kake gani a talabijin, kana cewa mota ma za ta wuce, yaudarar ido ce. Kamara tana nuna maka ƙugunsa a lokacin da ya fi nisa da kara. Amma ai ba ƙugu kaɗai zai tsallake ba: cinyoyi suna wucewa yana hawa, ƙirji da hannaye suna wucewa yana saukowa, kuma ƙololuwar tsallen sai ta faɗo daidai kan karan. Don haka aka yarda ɗan wasa ya sa a matsa dirkokin da ke riƙe da kara, daga daidai bangon ramin da ake cusa bakin gora zuwa santimita 80 ta wajen katifa. In ya yi kuskuren wannan lissafi, sai ka ga ya yi sama sosai amma ya sauko da ƙirji a kan kara. Karan kansa tsawonsa mita 4.50 ne, nauyinsa bai wuce kilo 2.25 ba, kuma 'yan turakun da yake zaune a kansu santimita 5.5 ne kacal. A zamanin Sergey Bubka, tsohon zakaran wannan wasa, 7.5 ne, daga baya aka rage. Riga ma in ta shafe shi da ƙarfi zai iya gangarowa, kuma an hana a tallafe shi da hannu.

Sai maganar gorar. Ta manyan maza takan kai mita 5.20 ko kusa da haka, kuma ba ɗaya suke zuwa da ita ba, jaka guda ce, kowace da taurinta. Duplantis taku 20 yake yi, a takun ƙarshe yana gudun da ya ɗan haura mita 10 a daƙiƙa. Wannan gudun kaɗai, in gora ta karɓe shi duka ta mayar, zai ɗaga mutum wajen mita 5. Ka ƙara mita guda na tsayin cibiyarsa daga ƙasa, ragowar kuma ƙarfin hannu ne da ya tura kansa daga kan gora yana kife. Ramin da ake cusa bakin gorar zurfinsa santimita 20 ne, saboda haka ko a can ƙarshe ka riƙe ta, ka yi asarar wannan 20 ɗin. In gora ta yi laushi ga gudun da ya zo da shi, sai ta lanƙwashe da yawa ta jefa shi cikin kara tun yana hawa. In ta yi tauri, ba za ta miƙe ta kai shi gaba ba, sai ya tsaya cak a sama ya dawo ta wajen rami, inda ake karya ƙafa da baya. In ƙafar tashi ta shige gaba da hannun sama, gora ta fizge kafaɗa ta cinye gudun. Iska ta baya tana ƙara gudu har taku ya zarce, ta gaba tana tilasta a koma gora mai laushi, ta gefe kuwa tana kaɗa bakin gora ya kauce wa rami. Duk tsayin da aka ƙara yana nufin gora mafi tauri da kuskure mafi ƙanƙanta da za a iya yafewa.

Af, kafin in manta. Ƙanenka ya sayi babur, kuma ya ce kada a gaya maka. Ban gaya maka ba. Mai shayin bakin fili kuma har yau yana riƙe da littafin nan, sunanka na shafi na farko, ya ce ko da kuɗin can ne zai karɓa.

Mu koma. Da santimita ɗaya abin banza ne a wurinsa, da bai shekara biyu yana faɗuwa a 6.19 ba. Daga Fabrairun 2020 sai Maris ɗin 2022 ya samu, a Belgrade, bayan gwaji gommai, har da wanda ya yi a Olamfik ta Tokyo bayan ya ci zinare da 6.02. A gasar duniya ta Budapest a 2023 ya ci da 6.10, ya nemi 6.23 sau uku bai samu ba. 6.25 na Olamfik ɗin Paris a gwaji na uku ya zo, 6.30 ma a na uku. Kuma ka tuna ba da sabuwar ƙafa yake zuwa neman tarihi ba, sai ya gama da abokan hamayya tukuna. A Tokyo ɗan Girka Emmanouil Karalis, wanda ya ɗauki azurfa da 6.00, ya matsa masa har sai da ya tsallake 6.10 da 6.15. Minti biyar ake ba wanda ya rage shi kaɗai ya yi tsalle, kuma duk tsallen da ya yi a baya ya ci wani abu daga cinyarsa.

Kuɗi kuwa, ba zan yi maka musu ba, akwai. Hukumar World Athletics tana ba da dala 100,000 ga duk wanda ya kafa tarihin duniya a gasarta ta duniya, ban da 70,000 na zinare. A gasannin Diamond League dala 50,000 ce, ga kuma abin da kamfanonin da suke ɗaukar nauyinsa irin su Puma suke ƙarawa. Ladan kafa tarihi ake biya, ba ladan yawan santimita ba. Wanda ya ƙara 1 da wanda ya ƙara 10 kuɗinsu ɗaya. To in mai saye ya ce zai biya kuɗin buhu a kan kowane mudu, wane manomi ne zai juye masa buhun gaba ɗaya? In akwai laifi, na wanda ya tsara ciniki ne. Kuma ka tuna ranar 24 ga Yulin 2022 a Eugene, da yaron ya yi 6.21, a ranar Tobi Amusan tamu ta yi daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 ta karɓi irin wannan dala 100,000. Ba wanda ya ce mata 'yar kasuwa, don ita agogo ne ya yanke mata. Shi kuwa doka ce ta miƙa masa zaɓi.

Ba shi ya fara ba ma. Sergey Bubka ya kafa tarihi sau 35, 17 a fili, 18 a rufaffen ɗaki. Yelena Isinbayeva ta yi sau 28 ta tsaya a 5.06 a Zurich a 2009. Vasily Alekseyev na ɗaga ƙarfe ya yi sau 80, yawanci da rabin kilo. Amma ka duba Bubka da kyau, akwai abin lura. Lokacin da yake da abokin karawa ba ya tafiyar hawainiya. A Rum a 1984 Thierry Vigneron ya ƙwace tarihin da 5.91, bayan 'yan mintoci Bubka ya karɓe abinsa da 5.94, shekara ta zagayo ya haura 6.00 a Paris, santimita 6 a tashi ɗaya. Sai da fage ya zama nasa shi kaɗai ya koma ɗaya-ɗaya, a tarihin fili daga 6.05 a 1988 har 6.14 a Sestriere a 1994.

Nan ne fa damuwata take, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro, ba zolayarka ba. Bubka ya tafi bai nuna mana iyakarsa ba. A shekarun da jikinsa ya fi ƙarfi yana ajiye santimita don gobe, goben ta zo da ciwon agara da tiyata. Duk wanda ya kalli yadda ya wuce 6.01 a Athens a 1997, yana da shekara 33, ya san littafi bai rubuta mutumin nan duka ba. Duplantis an haife shi a Nuwamban 1999, kuma jarinsa gudu ne. Ka ga yadda ya doke Karsten Warholm, zakaran tseren tsallake shinge na mita 400, a gudun mita 100 a Zurich da daƙiƙa 10.37. Gudu kuwa shi ne farkon abin da shekaru suke karɓewa. A 2024 ya yi tarihi uku, a 2025 huɗu. Ko da ya ci gaba da haka, kafin ya taka 6.40 sai an shekara uku, in ƙafa ba ta ba da matsala ba. Ina tsoron ranar da jikinsa zai iya 6.36 ta zo ta wuce alhali an gicciya masa 6.31.

Kada ka yi murna ka ce na dawo layinka. Akwai wanda ya gwada abin da kake so. Daren da Lavillenie ya yi 6.16 a Donetsk, garin da Bubka ya yi 6.15 a rufaffen ɗaki a 1993, Bubka na zaune yana kallo, jini ya ɗebi Lavillenie ya ce a sa 6.21. Gora ta dawo da shi baya, ya yanke a ƙafa har da ɗinki, gasar duniya ta cikin ɗaki ta wannan shekara ta wuce shi, kuma bai sake kafa tarihi ba. Saboda haka ni abin da nake gani, ya ci gaba da ɗaya-ɗayansa a manyan gasa, inda zinare da kuɗi suke, ba wanda zai ce ya yi rowa. Amma a ranar da komai ya daidaita, iska ta kwanta, ba wanda ya gajiyar da shi, ya kuma samu tarihin a gwajin farko, sai ya duba jakarsa ya ga ko akwai gorar da za ta ɗauki ƙarin 4 ko 5, ya gwada da lissafi, ba da zafin kai ba. In kuma masu shirya gasa da gaske suke, su ɗaura ladan da yawan santimita su gani. Mafi sauƙi ma shi ne Karalis ko wani ya matso ya fara taɓa 6.20, ka ga yadda ɗaya-ɗayan nan za ta watse ba tare da an roƙi kowa ba.

Bikin autar su Malam an ɗaga shi zuwa bayan Sallah, an ce kuma anko za a yi, saboda haka ka turo awonka, na yanzu, ba na shekarun da kake cewa kai ɗan wasa ne ba. Agogon gudun nan da ka yi wa yaran fili alkawari har yau suna tambaya, na ce musu jirgin ruwa ne ya ɗauko shi. Baba yana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har masallaci yana zuwa da kansa. Ka gaida amarya, ka ce mata yajin ya kusa ƙarewa, ta faɗi wanda za a ba ya kawo.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Ƙaramin Koci