Jan hankali ga masu son gwada abincin ɗanyen kifi irin na ƙasar Peru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana mutanen Jihar Kebbi, musamman matasan da ke buɗe ƙananan gidajen abinci a Birnin Kebbi da Argungu da Yauri, game da wani abincin ƙasar Peru da ake kira sebice, wanda hotunansa suke yawo a wayoyin yaranmu, har na ji wasu suna cewa za su gwada shi da tarwada ko karfasa tunda kifi ba baƙonmu ba ne.

Na ci wannan abinci a Lima, babban birnin Peru, lokacin da aiki ya kai ni can, a wani ƙaramin gidan cin kifi mai kujerun roba, kuma ba zan ɓoye ba, yana da daɗi ƙwarai. Farin kifin teku ake yankawa ɗanye, gutsi-gutsi, a barbaɗa masa gishiri, a matse lemun tsami a kai, a zuba jar albasa da aka yanka siri-siri tare da barkono mai zafi da wani ɗan ganye mai ƙamshi. Cikin 'yan mintoci tsokar da ta shiga kwano tana sheƙi sai ta koma fara fat, ta ɗan ƙanƙame kamar ta sha wuta. A gefen faranti akan ajiye dafaffen dankali mai zaƙi domin ya kwantar da tsamin, da dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi, da wata soyayyiyar masara mai garas-garas, ruwan da ya taru a ƙasan kwanon kuwa ba a zubar da shi, kurɓe shi ake yi. Wanda ya dubi kayan haɗin zai ga babu abin da ya gagare mu, domin albasar Aliero ba ta da na biyu, lemun tsami da attaruhu da dankali kuma suna jibge a kowace kasuwa. Wannan sauƙin ne yake ba ni tsoro.

Lemun tsami ba ya dafa kifi. Tsaminsa yana sauya launin tsoka da taurinta ne kawai, ba ya kashe tsutsotsin da ke cikinta, kuma ba a dogara da shi wajen kawar da ƙwayoyin cuta. Duk matar da ta saba gyaran tarwada ta san yadda wani lokaci ake fede ciki a tarar da tsutsa, ta kuma san cewa wuta ce take raba mu da ita. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7. Ina tambayar masu wannan niyya, firiza nawa ce a garuruwanmu take samun wutar lantarki ta kwana bakwai ba yankewa?

Su kansu mutanen Peru ba da wasa suke riƙe da abin ba. Kifinsu na tekun Fasifik ne mai ruwan sanyi, ana fito da shi da asuba, a kwantar da shi cikin ƙanƙara tun daga bakin ruwa, kuma bisa al'adarsu abincin rana ne, shi ya sa yawancin irin waɗannan gidaje suke rufewa kafin dare. A inda na ci, kifin yana binne cikin ƙanƙara a gaban masu saye, mai yankan kuma ba ya ciro shi sai an yi oda. Duk da haka sun ɗanɗana kuɗarsu a shekarar 1991, lokacin da annobar kwalara ta ɓarke a garuruwansu na bakin teku, mutum fiye da 300,000 suka kamu a shekarar, kusan 3,000 suka rasu, har hukumomin lafiyarsu suka gargaɗi jama'a su guji ɗanyen kifi. Mu da muke fama da amai da gudawa a daminar shekaru da dama ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani. Kifinmu na gulbi ne da tafki, inda ake wanka da wanki da shayar da dabbobi, kuma yakan wuni a tire cikin zafin bazara kafin ya samu mai saye. Kakanninmu da suka riƙi banda da suya da farfesu sun san ruwansu, sun san ranarsu.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Peru shi ne yadda suke tattalin kifi daga hannun masunci har zuwa faranti. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta sanya sebice cikin jerin al'adun gado na duniya a 2023, bikin kamun kifi na Argungu kuwa, wanda aka fara a 1934, ya riga shi shiga tun 2016. Darajar muna da ita, amma har yanzu masuncin da ya kwana a ruwa a Yauri yakan sayar da giwan ruwansa a wulaƙance domin tsoron kada ya lalace a hannunsa kafin la'asar.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da masu hannu da shuni su kafa injinan ƙanƙara masu aiki da hasken rana a manyan kasuwannin kifi, ma'aikatan duba-gari kuma su riƙa leƙa gidajen abinci suna faɗakarwa. Matashin da yake son ɗanɗanon nan a gidan abincinsa ya turara karfasarsa ta nuna sosai, ta huce, sannan ya zuba mata lemun tsami da albasa da attaruhu, ya ajiye dankali a gefe. Masu saye za su samu tsamin da yajin da suke nema, su koma gida lafiya.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Argungu, Jihar Kebbi