Zuwa ga Alhajin da ya tambaya: wa ke zuwa tashar jirgin Rigasa da ƙafa?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A shirin rediyon da aka gayyace ni don tattauna makomar unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna, ka bugo waya ka yi mini tambayar da lokaci bai bari na amsa ta yadda ya kamata ba. Ka ce kai ɗan kasuwa ne da ke hawa jirgin Abuja tun da ya fara aiki, kuma ba ka taɓa ganin fasinjan da ya ɗora akwati a ka daga Bakin Ruwa ya tako har tasha ba. Tunda an faɗaɗa hanya, an shimfiɗa kwalta, ga wurin ajiye motoci, me ya sa mu masu tsara birane muka dami jama'a da maganar masu tafiya a ƙasa, alhali abin da fasinja ke kuka da shi shi ne ƙarancin taragai da wahalar samun tikiti? Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito a bainar jama'a.

Gaskiyarka, Alhaji, mai akwati ba ya takowa daga Bakin Ruwa. Sai dai yawancin waɗanda ke taka ƙasa a bakin tashar ba Abuja za su ba. Rigasa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Igabi, tana cikin unguwannin da suka fi cika da jama'a a Kaduna, kuma ta riga jirgin zuwa da shekaru masu yawa. Ranar 26 ga Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin dogon nan na Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, kuma daga ranar motocin da ke kai manya tasha daga cikin gari suka fara ratsa tsakiyar unguwar talakawa. Hanyar da kai ke wucewa a mota sau ɗaya idan za ka yi tafiya, ita ce yaro ke tsallakawa da safe zuwa makarantar boko, da yamma zuwa Islamiyya, ita ce mace ke tsallakawa da niƙa a ka, ita ce dattijo ke tsallakawa sau biyar idan masallacinsu na ɗaya hannun.

Ina roƙonka, wata rana idan ka sauka, kada ka yi saurin shiga mota. Tsaya ka ga abin da ke faruwa a mintuna ashirin na farko bayan isowar jirgi. Ɗaruruwan mutane ne ke fitowa a lokaci guda, motocin da suka zo tarye suna ta hon, masu keke Napep sun yi sahu biyu ko uku suna kiran fasinja, masu dako suna kutsawa da jakunkuna, mai shayi da mai awara da mai ruwan leda kuwa sun kafa a daidai wurin da ƙafa za ta bi, domin nan ne ciniki yake. Wanda bai da motar da ke jiransa dole ya sauka kan kwalta yana jan akwatinsa tsakanin motoci, idan kuma damina ce ya haɗa da tsallake kwata. Ko kai ma, daga ƙofar mota zuwa ƙofar tarago da ƙafa kake zuwa. Tazararka ce kawai gajera.

Asalin matsalar yana wurin da aka zaɓa aka ajiye tashar. Tsohuwar tashar Kaduna ta zamanin Turawa, ta layin da ya isa Kano a 1911, gari ne ya girma a jikinta: ga kasuwar tasha, ga gidajen ma'aikatan reluwe, ga shataletalen da har yau ake kira da sunanta, duk a tazarar da ƙafa ke iya ci. Sababbin tashoshin kuwa an fitar da su bayan gari, inda fili ke da araha kuma biyan diyya bai da yawa. Haka aka yi a Rigasa, haka aka yi a Idu da ke Abuja. Ban ce hakan kuskure ba ne, domin layin da ake son jirgi ya yi gudu a kansa ba ya son lanƙwasa, kuma shigar da shi tsakiyar gari yana nufin rushe dubban gidaje. Amma wanda ya kai tasha bayan gari ya ɗaukar wa kansa nauyin haɗa ta da gari, kuma a nan ne aikin ke faɗawa tsakanin hukumomi. Abin da ke cikin shinge na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wato na tarayya. Hanya ta gwamnatin jiha ce. Izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KASUPDA. Takardun fili na hukumar filaye ta jiha, KADGIS. Kula da zirga-zirgar ababen hawa na wata hukumar jihar, KASTLEA. Tikitin mai tebur na ƙaramar hukuma. Kowa na da nasa, amma mita 800 ɗin da ke kewaye da ƙofar tasha, tazarar da masana ke ƙiyastawa a matsayin tafiyar minti goma, ba ta da uba guda.

Abuja ta riga ta nuna mana inda wannan sakaci ke kaiwa. An buɗe jirgin cikin birni a Yulin 2018, amma tashoshi da dama suna cikin jeji ba hanyar kirki da ke kai mutum gare su, fasinja suka yi ƙaranci, aka dakatar da shi a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai a Mayun 2024 bayan an kashe wasu maƙudan kuɗi an gina hanyoyin shiga. A Legas kuma, a Maris na 2023, jirgi ya yi awon gaba da motar ma'aikatan gwamnati a mararrabar layin dogo a Ikeja, mutane suka rasu, kuma irin wannan haɗari ne ya sa aka gina gadojin sama a Yaba da Oyingbo da Ikeja da Mushin domin raba motoci da layin dogo.

Na san za a ce ai sai a yi wa masu tafiya a ƙasa gadar sama a huta. A nan ni da wasu abokan aikina muke shan bamban. Gadar da babbar mota za ta wuce ta ƙarƙashinta sai ta haura mita biyar, kuma mai amalanke, da mai kura ɗauke da jarkokin ruwa, da mace mai ciki, da gurgu a kan kekensa, ba wanda zai hau ta. Shi ya sa kake ganin gada a sama fayau, jama'a na tsere da motoci a ƙarƙashinta. A kan babbar hanya irin ta Nnamdi Azikiwe, inda tireloli ke gudu, gada na da amfani idan an yi mata gangare. A cikin unguwa kuwa abin da ke aiki shi ne a tilasta wa mota rage gudu: a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a bar tsibiri a tsakiyar hanya inda mutum zai tsaya ya numfasa, a sa fitila a daidai wurin, a kuma yawaita su kusa da makarantu da masallatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a wuraren da mutane da motoci ke cuɗanya. Ga kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika tuni.

Batun shinge ba na jayayya da shi. Bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da shi har watan Disamba, ba mai hankalin da zai ce a bar tasha a buɗe ko a daina bincike a ƙofa. Abin da nake cewa shi ne duk inda shinge ya datse tsohuwar hanyar gona ko ta maƙabarta, to a bar mashiga ta ƙarƙashin layi, in ba haka ba jama'a da kansu za su huda shingen.

Saura masu sana'a. Idan aka ce za a sabunta gari, abin da talaka ke fara ji shi ne ƙarar katafila, kuma tsoronsa na da dalili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ne kan gini da amfanin gona, ɗan haya da mai tebur kuwa ba su da komai a ciki, alhali da zarar tasha ta zo farashin fili ke tashi, riba ta tafi ga wanda ya riga ya saya. Korar mai shayi ba ta buɗe hanya, domin gobe zai dawo, tunda fasinja na nan. A ware masa rumfa a bayan hanyar ƙafa, a ware wa masu keke tasharsu a wurin da fasinja zai fara cin karo da su, sannan a hukunta wanda ya hau hanyar ƙafa, mai tebur ne ko mai jif.

Dalilin gaggawata shi ne layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021, da na Kano zuwa Maraɗi. Ranar da suka haɗu, Rigasa ta daina zama ƙarshen layi, jama'ar da ke sauka za ta ƙaru, filayen da suka rage kuma za su cika da shaguna. Tun ran gini ran zane: mita biyu ko uku da za a ware wa ƙafa yau kyauta, nan da 'yan shekaru sai an rushe shagon wani kafin a same su. Kuma kuɗin wannan aiki ba daga asusun taragai zai fito ba, domin taragai na tarayya ne, hanyar ƙafa ta jiha.

Tunda ka ambata cewa kana cikin shugabannin wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ina neman alfarma guda. Ku rubuta wa hukumar tsara birane ku nemi a nuna muku zanen da aka yi wa kewayen tashar, ku tafi da masu unguwanni da shugabannin masu keke da wakilin guragu, ku ce a nuna muku da yatsa inda ɗan makaranta zai tsallaka da inda mai tebur zai zauna. Idan kun sa rana, a shirye nake na raka ku domin na taya ku karanta zanen.

Allah ya ƙara girma. Wassalam.

Ɗanka,
Mai koyar da tsara birane a Kaduna