Wasiƙar Godiya Ga Wani Garejin Gyaran Mota A Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa maigidan wani gareji da ke Ƙofar Ruwa tare da yaransa, saboda yadda suka karɓe mu a kan wani lamari da kanikawa da yawa za su ɗauka raini ne a tunkare su da shi. Ni da ƙanena mun ƙudura goge cikin gidan totur (ƙarfen da ke daidaita iskar da ke shiga injin idan an taka totur) na Toyota Corolla ƙirar 2004 da hannunmu a gida, domin bakin da iska ke bi zuwa injin ya ƙara faɗi da santsi, kuma shawara kawai muka je nema.

Maigida, ba ku ɓoye mana komai ba. Kun ɗauko wani tsohon gidan totur, kuka ɗaga shi saitin rana, kuka nuna mana yadda faifan da ke ciki yake rufe hanya ruf idan an ɗauke ƙafa daga totur, sannan kuka ja layi da alƙalamin maka kuka ce ko kusa kada dutsen guga ya taɓa da'irar da faifan ke zama. Kun bayyana cewa alminiyam ba shi da tauri, nan da nan dutse ke cinye shi, kuma idan aka ci wurin nan ko da kaɗan ne, iska za ta riƙa sulalewa ta gefen faifan, silo (jujjuyawar injin idan ba a taka totur ba) ya hau ya ƙi sauka, abin da ba ya gyaruwa sai an sayi wani. Kun kuma ce sai injin ya huce kafin a cire bututun ruwan da ke bi ta jikinsa, a kwance sansar totur (na'urar da ke gaya wa kwamfutar motar yadda faifan ya buɗe) a ajiye ta gefe, a wanke garin ƙarfen tas kafin a mayar, domin abin da ya saura cikin silindar injin zai nufa.

Maganar sauya gaskit, wato abin da ake sawa a mahaɗar gidan totur don kada iska ta yi yoyo, ma ba ku bar ta ba, alhali ita ce mutane suka fi rainawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, kuma iskar da ta saci hanya ta tsohon gaskit ba ta bi ta sansar da ke auna ta ba, saboda haka ba ta shiga lissafin da kwamfutar motar ke fara yi wajen auna man da za ta aika ba.

Abin da ya fi girma a idona shi ne gaskiyar da kuka faɗa game da amfanin aikin. Kuna da damar ku karɓe shi ku yanka mana kuɗi, amma kuka ce a injin da ba a sauya masa komai ba, ƙarin ƙarfin bai taka kara ya karya ba, kuma yawancin nauyin da direbobin Kano ke ji a totur daga baƙin dattin da ke taruwa a bayan faifan yake, musamman idan ƙurar hunturu ta haɗu da tururin baƙin mai. Haka kuwa muka tarar: wankin ya fi gugar tasiri. Mun tsaya a bakin kawai da samfefa mai laushi, kuma da muka dawo da motar, babban yaronku ya duba silo ya gwada ta a kan titin Katsina ba tare da ya karɓi ko kwabo ba.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci sana'arku, ya sa yaranku su gaje ku a wannan hali.

Naku,
Wani mai mota daga Gwammaja, Kano.