Batirin rediyo: kada lambar da ke jikinsa ta ruɗe mu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan batirin da muke sa wa ƙananan rediyoyi masu katin memori, waɗanda a nan Garwa da wuya ka wuce shago ko majalisa ba ka ji ɗaya tana karatun Alƙur'ani, ko tafsiri, ko labaran BBC da RFI ba. Gyaran irin waɗannan na'urori shi ne sana'ata, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini da sunan sun mutu lafiyarsu ƙalau, batirin ne ya gaza, ko kuma shi ne ya ƙona su.

A watan Afrilun da ya wuce wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo mini 'yar rediyonsa da yake jin tafsiri da ita, marfin bayanta ya ƙi rufuwa. Da na buɗe sai na tarar batirin ya kumbura kamar ƙosai a cikin mai. Irin mai faɗin nan ne da ake kira BL-5C, wanda asalinsa na wayoyin Nokia ne. Na ce, "Baba, a ina ake yi mata caji?" Ya ce a kan taga yake ajiye ta tare da farantin sola tun hantsi har la'asar. To batirin litiyom ba a son a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, alhali a bazarar Garwa zafin inuwa ma yakan wuce digiri 40, balle abin da aka bari a tsakar rana. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kuma matsa shi ko huda shi na iya tayar da wuta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batirin nan mai kama da ƙaramar gora da ake kira 18650, wanda sunansa ma awonsa ne, wato kauri milimita 18 da tsawo milimita 65. Mafi ingancin wanda manyan kamfanoni kamar Panasonic da Samsung da LG suke ƙerawa yana ɗaukar wajen mAh 3,500 ne (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake iya ɗauka), amma a kasuwa za ka ga an rubuta 9,900 da manyan haruffa, mai saye kuma ya ɗauka ya yi dace. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin babu yadda za a yi wuta mai yawan haka ta shiga wannan ɗan jiki. Na gaskiya nauyinsa kusan giram 45 ne, saboda haka idan ka ɗora shi a tafin hannu ka ji shi sakayau, mayar wa mai shago abinsa. Gara wanda aka rubuta wa 2,600 da gaskiya.

Ga masu rediyon da ke cin batirin AA ko AAA, shawarata su nemi batiri mai caji wanda aka rubuta wa NiMH, musamman irin mai riƙe caji na watanni ko ba a yi amfani da shi ba, wanda kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005 da sunan Eneloop, yanzu kuma yana hannun Panasonic. Wasu sukan ji tsoro idan sun ga volt 1.2 a jikinsa maimakon 1.5 na batirin da ba a yi wa caji, amma batirin da ake yarwa ƙarfinsa sauka yake yi tun daga ranar farko, shi kuwa wannan yakan tsaya daram har kusan ƙarshe. Wani batiri mai caji da aka rubuta wa NiCd kuwa tsohon yayi ne, wutarsa kaɗan ce, kuma a cikinsa akwai gubar kadmiyom, wadda ta sa Tarayyar Turai ta hana sayar da mafi yawansa a dokarta ta 2006. Mu kuwa a juji muke zubar da batir, inda yara da awaki suke yini.

Akwai kuma wani tarko. Batirin litiyom mai lamba 14500 girmansa ɗaya da AA, yana shiga gurbinsa tsaf, amma volt 3.7 gare shi. Wanda ya sa guda biyu a rediyon da ke neman volt 3 ya ɗura mata fiye da ninki biyu, kuma irin wannan ƙunar ba kullum take gyaruwa ba. Ina roƙon 'yan uwana masu sarin kaya daga Duwala da Kano su riƙa yi wa mai saye wannan bayani kafin su karɓi kuɗinsa.

Shi dai Baba na sa masa sabon batir, na kuma ƙara wa solarsa tsawon waya, yadda farantin zai zauna a rana, rediyon kuma tana cikin zaure kusa da buzunsa.

Wassalam.

Mai gyaran rediyo,
Garwa, Kamaru