Wasiƙa kan littafin yaran nan biyu marasa ji

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya aiki, ya sanyin Jamus? Ina fata madam da yara duk suna lafiya. Mu nan Zariya alhamdulillahi, sai zafi da tsadar kaya wanda ka riga ka sani.

Saƙo ya iso hannuna, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Turaren na madam ne ta ce a yi maka godiya, amma ni maganar littafin nan Max und Moritz ce ta sa na zauna rubuto maka doguwar wasiƙa, don voice note ba zai ɗauke abin da ke raina ba. Ka kyauta da ka nemo mai fassarar Turanci, ni nake karantawa ina juya wa yara da Hausa, amma wallahi ko ban juya ba zanen kaɗai ya ishe su, ƙaramar tawa da ko harafi ba ta iya haɗawa ba ita take riga kowa fashewa da dariya don tana ganin abin da zai faru tun kafin in kai wurin.

Abin ya ba ni mamaki fa, littafin da Wilhelm Busch ya fitar tun 1865 a Munich, shekara ɗari da sittin kenan, amma har yau yana sa yaran Tudun Wada riƙe ciki. Ɓarna bakwai yaran littafin, Max da Moritz, suka yi. Ta farko suka ɗaure gutsattsarin burodi da zare suka jefa wa kajin wata mata da mijinta ya rasu, kaji uku da zakara ɗaya suka haɗiye suka sarƙe da juna har suka rataye a reshen bishiya, baiwar Allah ta share hawaye ta ce to bari ta soya abinta ko ta rage asara, su kuma a ta biyu suka hau rufin ɗaki suka zuro ƙugiya ta bututun hayaƙi suka fisge kajin daga kasko, ƙarshe karenta ne ya sha duka a banza. Na tela kuwa ba a magana, zarto suka sa suka ɗan yanke gadar katakon ƙofar gidansa sannan suka tsaya daga nesa suna masa kukan akuya, ya fito a fusace da sandar awonsa, gada ta karye ya afka ruwa, da ƙyar ya kama ƙafafun dinya biyu suka fitar da shi, matarsa ta gasa masa ciki da dutsen guga don sanyi ya sake shi. Sai malamin makaranta da suka cika wa lofe da albarushi, sai kawunsu da suka zuba wa ƙwari a gado. Wurin malamin nan sai da na dakata na yi wa babban nawa magana sosai, don albarushi ba abin wasa ba ne kuma ka san shi da son gwada abu.

To amma ƙarshen ne ya tsaya min a rai. Mai gidan burodi ya gasa su cikin kwaɓi sun tsira, sun ci burodin daga ciki sun fice, sai a ta bakwai da suka farke buhunan hatsin wani manomi ya kama su ya cusa a buhu ya kai wurin niƙa, aka niƙe su, agwagin mai niƙa suka tsince su tas, kuma duk ƙauyen babu wanda ya yi baƙin ciki, kowa cewa yake an huta. Ƙaramar ta yi shiru ta ce Baba ina mamansu? Kuma gaskiyarta, kaf littafin babu uwa babu uba, babu wanda ya taɓa kiransu ya zaunar da su ya yi musu faɗa ko ya ba su abinci, daga ɓarna sai hukunci. Ni a ganina Busch ba yaran kaɗai yake nuna wa yatsa ba, har da manyan garin, dubi yadda ya zana su, kowa kansa ya sani, kaji sun fi musu yara daraja. Ko ya mutanen can suke kallon wannan ƙarshen yanzu? Don Allah ka tambayar min maƙwabtanka, ko har yau suna karanta wa ƙanana shi a haka.

Wannan ne ya sa na yi ta tuna Gizo. Mu ma ai muna da namu marar jin, kuma ya fi su Max iya shege nesa ba kusa ba. Ka tuna yadda Iya take mana na Gizo da hankaki, da suka ara masa gashi ɗai-ɗai ya yi fiffike ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, duk wanda hankaka ya nufa sai ya ce nawa ne ni na fara gani, har suka gaji kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan bishiya? Ko na giwa da dorina da ya ba kowa bakin igiya ɗaya suna ta ja kowa na zaton da Gizo yake ja. Ko mutum-mutumin danƙo da aka dasa masa a gona ya mara hannu ya manne ya kai ƙafa ta manne. Gizo yana shan wuya, yana jin kunya a gaban Ƙoƙi da sarki da jama'a, amma galibi sai ya sulale ya haye rufin ɗaki, gobe da dare a sake cewa ga ta nan ga ta nanku ya dawo da sabuwar ƙeta. Yaro yana dariya yana kuma gane cewa kwaɗayi ne ya kai shi ya baro, ba sai an niƙa kowa ba. Ni dai wannan ya fi kwanta min.

Abin da ke damuna shi ne, ka shiga shagunan littattafai a Sabon Gari ko Tudun Wada ka ce a ba ka littafin yara na Hausa mai zane kala-kala wanda aka yi shi don dariya, za ka sha yawo. Na makaranta ne sai na nasiha, yaro nagari yana gaida iyaye yana wanke hannu, duk daidai ne ban ƙi ba, amma yaro ba ya ɗaukar irinsu da kansa ya ɓuya a lungu yana karantawa. Tatsuniyoyin kuma ba wai ba a rubuta su ba ne, tun wajen 1911 Frank Edgar ya fara fitar da tarinsu, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ma ya yi nasa na 'yan makaranta, rubutun akwai, zanen da zai ɗauki labarin a kansa shafi bayan shafi shi ne muke da ƙaranci. Alhali kuwa aikin Busch ɗin nan shi ya zama tushen katun ɗin The Katzenjammer Kids da Rudolph Dirks ya fara a wata jaridar New York a 1897, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Su sun gina a kan nasu, mu namu yana bakin kakanni, kakannin kuma suna ta tafiya, yara sun koma waya.

Shi ya sa nake roƙonka da gaske. Kai ne kake zana mana malamai a bayan littafin lissafi lokacin muna sakandare har ajin ya ɗauki dariya, na san hannun nan bai mutu ba. Ni zan rubuta baitocin da Hausa mai sauƙi masu amsa-amo yadda yaro zai haddace, har da tsamin bakin Gizo zan sa, kai kuma ka zana. Mu fara da na hankaki, shafi goma sha biyu ma ya isa. Abu ɗaya nake so ka kula, Gizon ya zama namu, ɗan hula da 'yar shara, gidan ƙasa da rumbu da zaure, Ƙoƙi da ɗaurin ƙirji tana harararsa, kuma fuska ta yi magana kamar yadda Busch yake yi, layi biyu uku ka ga mutum ya firgita. Idan kuɗin bugawa ya gagara mu fara turawa ta WhatsApp, akwai malaman firamare da na sani da za su karɓa hannu bibbiyu.

Ka fara zano min Gizo tsaye a kan ɓauren nan bayan an zare masa gashi, in nuna wa yara in ga ko za su yi dariya, su ne alƙalai. In ka samu wani littafin irin wannan mai rahusa ka ajiye min har mai zuwa ya samu.

Ka gaida madam da yara sosai, Iya ma tana gaishe ka tana tambaya yaushe za ka zo.

Naka har kullum,
Abokinka na Zariya